Buhun Gero a Motar Tsere

Shekarun baya, ban daɗe da komawa Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa, da iyalina ba, na sayi wata tsohuwar motar Japan mai ƙofa biyu. Wasu daga cikinku sun ga hotonta da na sa makon jiya, suka yi ta tambayata me buhun gero yake yi a gefenta. Zan ba da amsa, amma daga farko zan fara, don ba na son labari a birkice.

Aikina a wani babban ɗakin ajiyar kaya ne, ni ke tsara inda kowane kwali zai zauna. Karatuna bai yi nisa ba, sai dai na iya jera abu bayan abu. Motar kuwa ta girmi aurena. Burina da ita ɗaya ne: in gyara ta da hannuna, in shiga filin tsere da ita a irin ranakun da ake buɗe wa kowa. Ba gasa ba ce, mutum da agogonsa ne kawai.

Albashina ba ya ɗaukar gaggawa, don haka na rubuta jerin aiki na liƙa a bango, abu ɗaya kowane wata. Na fara da birki, na zuba masa man da ke jure zafi. Daga nan shakazoba masu rage girgiza, na hannu amma masu kyau. Sai sababbin tayoyi masu kama kwalta, da ƙarafunansu. Inji ban taɓa shi ba, in ban da mai da ruwa. Abokina bakanike da ke Aubervilliers a gefen Paris, wanda muka taso unguwa ɗaya a Maradi, yakan tsokane ni a waya.

"Motar tsere ce kake haɗawa ko ta kai amarya? Yaushe za ka taɓa inji?"

"Sai ta koyi tsayawa tukuna," nake ce masa.

Abu na ƙarshe da na yi da kaina shi ne rage nauyi. Na cire kujerun baya, da shimfiɗar ƙasa, da rediyo, da tayar ajiya. Kowanne sai na ɗora a sikelin matata na ga nauyinsa, sannan na sauke shi ɗakin ajiyarmu na ƙasan bene, na rubuta sunansa da alli. Tsofaffin tayoyin ma, da yake suna da sauran rai, na jera su na rubuta wa kowacce mazauninta: gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu. Matata ba ta taɓa son wannan mota ba. Ranar da ta same ni ina rubutu a kan taya, sai ta jingina da ƙofa ta ce, "Malam, ni ma ka rubuta mini alli a goshi, kada ka manta inda ka ajiye ni."

Shekara biyu na yi a haka. Da jerin ya kusa ƙarewa, na yi rajista a wani fili da ke arewa da Lyon, ranar wata Asabar da yamma. Ita ce ranar ƙarshe kafin su rufe saboda sanyi. Wanda ya rasa ta sai bayan wata biyar. An rubuto mini cewa ana duba motoci har ƙarfe biyu, bayan nan babu shiga.

Saura aiki ɗaya, a sauke motar ƙasa a saita ƙafafunta, kuma abokina ne ke da kayan aikin. Ranar Alhamis na tuƙa ta zuwa Paris. Ya yi aikin Juma'a da safe, ya goge hannu ya ce, "Na saita ta don mutum ɗaya da hular kwanonsa. Tsakanin taya da ƙarfen da ke samanta yatsa biyu ne. Kada ka ɗora mata komai." Na ce masa ai ni ba a maimaita mini magana.

Tsarina a bayyane yake. In kwana gidansa, in tashi bayan asuba, in isa gida ƙarfe sha ɗaya, in ci abinci, in isa fili ƙarfe ɗaya.

Amma mutum ba ya shigowa Paris ya fita bai gaida manya ba. Bayan sallar Juma'a na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Château Rouge, inda gwaggona ke da shagon atamfa. Ita ta goye ni ina ƙarami. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da kowa, ta sa aka kawo mini tuwo. 'Yarta da ke aure a unguwarmu ta Vaulx-en-Velin ta haihu, suna ranar Lahadi, ita kuma za ta biyo jirgin ƙasa ranar da safe.

"Da mota ka zo?"

"Da mota, Gwaggo."

"Alhamdu lillahi. Akwai ɗan saƙo. Gwiwoyina ba sa son kaya a jirgi. Za a kawo maka da asuba."

Nan ne ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Kunya nake ji in gaya wa dattijuwa cewa ni, magidanci mai 'ya'ya uku, na haɗa mota don in yi ta zagaye a wuri ɗaya. Na ce a raina ɗan saƙo bai wuce leda biyu ba.

Da asuba motar ɗaukar kaya ce ta tsaya ƙofar gidan abokina, Gwaggo na zaune a gaba. Ta sauko a hankali, ta leƙa cikin motata ta taga, fuskarta ta washe.

"Ashe ma babu kujeru. Allah ya yi maka albarka, ɗana, kamar ka san za a yi suna."

Aka fara saukewa. Buhun gero, rabin buhun shinkafa, jarka biyu ta man gyaɗa, ƙunshin atamfa, kwalin busasshen kifi, kilishi, da wata tukunya da za ta ci tuwon mutum hamsin. Maƙwabtanta da suka ji ana zuwa Lyon su ma sun haɗo nasu. Abokina ya tsaya da butar alwala a hannu yana kallona. Ni da ake jin tsorona a wurin aiki, abin da na yi kawai shi ne na jera kayan da kyau, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Duk abin da na rage cikin shekara biyu, Gwaggo ta mayar da shi har da ƙari cikin rabin awa.

Ban fita Paris ba sai ƙarfe bakwai da rabi. Da na hau babbar hanya, duk inda kwalta ta ɗan tashi sai in ji ƙara daga baya, kamar ana goga wuƙa a dutse. Na tsaya a wurin hutawa na duba, na ga layi ya fara fita a jikin tayoyin baya. Na ciro buhun geron na zaunar da shi a kujerar gaba, na ɗaura masa bel. Ƙarar ta ragu amma ba ta daina ba. Haka na bi layin manyan motoci, su ma suna wuce ni. Kafin in kusa Lyon na gane babu lokacin biyawa gida. Na shiga filin ƙarfe biyu saura kwata, da kayan suna.

Mai duba motoci wani tsohon Bafaranshe ne mai farin gashin baki. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya yana kallon buhun da ke ɗaure da bel.

"Wannan shi ne malamin tuƙinka?" ya tambaya da Faransanci, bai ko yi murmushi ba. "Fitar da komai."

Na sauke kayan a kan kwalta, tsakanin motoci masu ƙyalli, tukunya a sama. Ya duba birki ya gyaɗa kai. Ya duba mai, ya ja bel, ya ce aikin mai tsabta ne. Sannan ya durƙusa ya shafa tayar baya da yatsa, ya daɗe.

"Waɗannan biyun sun yanke. Ba za su shiga ba. Kana da wasu?"

"A gida."

Ya duba agogo. "Ka iso kan lokaci, don haka ba zan soke sunanka ba. Rukunin ƙarshe na fita huɗu da rabi. In sun zo kafin huɗu, zan sake dubawa."

Na tsaya ina lissafi. In na bar kayan na tafi, na bar amanar mutane a fili. In na sake loda su, tayar na iya fashewa a hanya. Mutum ɗaya ya rage, matata, kuma ita ce ban so in kira ba. Tana gidan mai jego tana taya aiki. Na gajarta gaisuwa na gaya mata komai, har da buhun gero.

"Wace taya? Ai huɗu ne a can."

"Na baya. An rubuta a jikinsu."

"Allin," ta ce. Na ji tana danne dariya, sai ta kashe waya.

Ban san ko za ta zo ba. Na zauna gefen kayan ina jin ƙarar motocin wasu. Huɗu saura ashirin sai ga ƙaramar motarmu ta gida ta shigo, kujerun baya a kwance. Matata ta fito da zanenta na aiki, hannunta baƙi.

"Na kwaso duka huɗun. Maƙwabciya ta taya ni ɗagawa. Na ga ba zai yi kyau ba gaba sabo baya tsoho."

Tsohon ya ji na fassara masa, ya ce madam ta fi ni gaskiya, da ma ba zai bar ni in gauraya ba. Wasu mutum biyu da ke kusa suka kawo jak da injin kwance noti. Kowace taya ta tafi inda allinta ya ce, babu tambaya. Huɗu saura uku tsohon ya liƙa mini takardar izini a gilashi. Matata ta buɗe ƙunshin kilishi ta miƙa musu. Na ce mata amana ce. Ta ce, "Na suna ne, don baƙi aka yi shi. Ni zan gaya wa Gwaggo."

Minti ashirin na yi a cikin fili. Kowa ya wuce ni in ban da wani dattijo. Amma duk kwanar da na taka birki motar ta tsaya inda na ce, ta juya inda na nuna, kuma a zagaye na huɗu na ji ina dariya ni kaɗai cikin hular kwano. Da na fito na sami matata zaune a kan buhun gero, waya a hannu. Hoton da kuka gani ke nan, ta tashi ne kawai kafin a ɗauka.

"Zagayenka na biyar ya fi na farko da daƙiƙa tara," ta ce. "A ina ake rubutawa?"

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Laifin ba na Gwaggo ba ne. A wurinmu mota mai sarari ba ta tafiya haka nan, kuma ni ma da saƙon mutane aka yi ta aiko mini da yaji shekara da shekaru. Laifina ne da na jera komai a takarda, na bar gaya wa mutanena abin da nake yi. Ranar suna, bayan an watse, na zauna gaban Gwaggo na yi mata bayani tun daga birki har taya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Kai ma da zurfin ciki. Da ka faɗa ai da na rage tukunyar."

Motar na nan, kuma har yau ban taɓa injin ba. Sau uku muke zuwa fili a shekara, ni da mai riƙe mini agogo. Jerin aikin ma na nan a bango, sai dai matata ta ƙara layi ɗaya a can sama da rubutunta: gaida Gwaggo, a jirgin ƙasa.