Yayana Breixo da Taurarin Teku

Uxía, 'yar nan, zauna in ba ki labarin yayana Breixo, mutumin da ya fi kowa wayo a garinmu. Shi ya faɗa da bakinsa, to wa zai musa?

Babanmu ya bar masa gonar kumba, abin ruwan nan mai ɓawo biyu da nama a ciki, a bakin teku, inda ruwa ke janyewa ya bar taɓo. Da ita yake ci da iyali. Wata shekara taurarin teku suka sauko mata. Kin san su, halittun ruwan nan masu hannu biyar. Ɗaya zai rungume kumba kamar masoyi, ya buɗe ta, ya shanye naman, ya bar maka ɓawo ka yi godiya.

Mu mata kwashe su muke yi a kwando, mu shanya a tudu, in sun bushe mu zuba wa kabeji taki. Na ce masa, "Yaya, yi yadda muke yi mana."

Ya ce, "Sabela, ni ne zan yi dakon maƙiyina a ka? Ke dai je ki hura wuta."

Ya wasa wuƙa. Duk wanda ya kama sai ya tsaga shi biyu ta tsakiya, ya wurga cikin ruwa, yana cewa, "Je ka gaya wa danginka!"

Ai kuwa suka je suka gaya. Abin nan ba kowane tsagi ke kashe shi ba, da yawa sabbin hannuwa suke tsirowa su dawo. Yaya dai kiwo yake yi da wuƙa.

Da shekara ta zagayo na kai masa wani, hannu biyu manya, uku ƙanana. Na ce, "Ga baƙonka na bara, ya zo gaisuwa."

Ya juya shi, ya juya. Ya ce, "Wannan gurgu aka haife shi."

"Allah sarki. Duk garinsu guragu ne ke nan?"

"Bakinki ya fi wuƙata kaifi, ƙanwata."

Shekara uku yana fama. Ranar ƙarshe ya ja manjagara tun daga wannan turken iyakar gonar har wancan, ɓawo kawai ke yin ƙara. Kumba ko ta shaida babu.

Daga nan kullum a gidana yake cin rana, miyar kabeji da dankali. Yana suɗe kwano yana cewa, "Kabejinki akwai daɗi, me kike zuba masa?"

Sai in ce, "Dabbobinka, Yaya. Ƙara loma, guminka ne."