Dutsen da Inna Ta Ce In Sa a Ƙarƙashin Taya

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne a Warra, ina sayen bandar kifi wurin masunta ina kaiwa Yelwa da gaba. Allah ya buɗa mini, har na sayi sabuwar mota fil daga kamfani, wadda ba a taɓa hawa ba. Ban saye ta don nuna isa ba. Inna, mahaifiyata, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, kuma na gaji da ganin ana cusa ta cikin motar haya duk ranar da za ta asibiti.

Wanda ya miƙa mini makulli ya nuna mini abubuwa da yawa. Ya ce motar ba ta da birkin hannu irin na da, ɗan maɓalli ne, kuma ko na manta ban taɓa shi ba, da zarar na buɗe ƙofa za ta riƙe kanta. Ya ce ƙofofin ma su ke kulle kansu idan ta motsa. Na gwada, na ga haka ne, na saki jiki. Bayan 'yan watanni wata fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari, ta kama ta mutu. Makanikenmu ya ce ba shi da na'urar duba irinta. Na buga wa kamfanin waya, suka ce galibi ba komai ba ne, in kawo ta birni idan na samu sarari. Na yi ta cewa sai kasuwa ta lafa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban akori-kura ne, kuma bai taɓa tsayawa a gangare bai sa dutse a ƙarƙashin taya ba. Inna ta riƙe wannan. Duk inda na tsaya sai ta tambaye ni dutse, ni kuma in zolaye ta da cewa wannan motar ta fi ni da ita karatu. Ita ma takan yi dariya, ta ce mai karatu ma yana gyangyaɗi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Ƙanwata za ta ƙetaro daga tsallaken kogi da jaririnta, wanda Inna ba ta taɓa gani ba, sai ta ce lallai da ita za a je tarya. Ruwa ya cika a lokacin, ya hau har kusa da rumfuna. Na gangara da motar kusa da bakin ruwa don Inna ta hango saukowarsu, na bar injin yana aiki saboda ta sha sanyi. Ni da hannuna na ɗaura mata bel. Da zan fita ta nuna mini wani dutse a gefen hanya, ta ce in taimake ta in sa shi. Na ce mata yanzu zan dawo, ga kwale-kwalen can ya iso.

Ina karɓar jaririn daga hannun ƙanwata na ji mutane suna salati. Na waiga na ga motar tana tafiya a hankali ta nufi ruwa, ba kowa a mazaunin direba. Na miƙa yaron na ruga. Na kama marfin ƙofar, a kulle. Na ga Inna tana laluben bel ɗin, ba ta san inda ake dannawa ba, domin kullum ni ke cire mata. Ba ta yi ihu ba, kallona kawai take yi. Motar ta shige ruwa. Masunta suka faɗa, wasu da filafili, wasu da duwatsu, suna dukan gilashi. Allah ya saka musu da alheri, sun yi iyakar yinsu. Kafin su fito da ita rai ya yi halinsa.

Daga baya kamfanin suka ce ruwa ya lalata komai, ba za a iya gane abin da ya ƙi aiki ba. Ban ja maganar ba. Na yarda kwananta ne ya ƙare, amma wannan bai hana ni sanin cewa fitila ta gargaɗe ni, Inna ma ta gargaɗe ni. Ƙanwata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, sai dai har yau ba ta shiga motar da nake tuƙawa.

Abin da nake roƙon masu sababbin motoci shi ne, kada alkawarin mai sayarwa ya sa ku bar abin da hannunku zai iya yi. Fitila in ta kama, ku ajiye motar har a duba ta. Kada ku bar tsoho ko yaro a ciki injin yana aiki, kuma ku koya wa iyayenku yadda ake cire bel da buɗe ƙofa. Ku sa Inna a addu'a.

Har yanzu ina zuwa bakin ruwan sayen kifi. Dutsen yana nan inda ta nuna mini. Duk motar da na ga ta tsaya a gangaren, ko ban san mai ita ba, nakan ɗauko shi in sa mata.