Kwana Uku da Rabin da Ka Tare Mana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan nan, maiɗakinka ta kira wayar ofis ta ce ka faɗi a bakin ƙofa kana ɗaure takalmi, ba ka ƙara tashi ba. Ni na ɗauki wayar. Allah Ya yafe mini, kafin hawaye ya zo, sai da na waiwaya na dubi ƙofar ɗakin na'ura.

Shekara takwas kai ne injiniyan da kamfani ya ɗora wa kula da kwamfutar ma'ajiyar jininmu. Ita ke riƙe da rukunin jinin kowace leda da ranar lalacewarta, ita ke yin ƙara in firji ya fara ɗumi. Yanzu-Yanzu muke ce maka, don ba a taɓa kiranka ka ba da wata amsa ba. Ran nan daga wurin mai aski ka taso, rabin kai fes, rabi gashi, muna ta dariya kana kwance na'ura. Sau nawa ka zo ranar hutu, ka gyara abin da ba mu ma san ya lalace ba, ka sha ruwa ka tafi?

Da aka kawo takardar sabunta yarjejeniyarmu da kamfaninku bara, ina shirin sa hannu ka ɗora yatsa a kan wani layi.

"Hajiya, kin karanta nan?"

Na ce na karanta. Sun yi alkawarin na'ura za ta yi aiki kashi casa'in da tara cikin ɗari, kuma za su amsa kira cikin awa huɗu. Me ya fi wannan?

"Kashi ɗayan fa? Kwana uku da rabi ne a shekara, kuma kin yafe musu. Awa huɗun nan ma na amsawa ne, ba na gyara ba."

"To ba ga ka ba?" Haka na ce, ina dariya, na sa hannu. Kai ba ka yi dariya ba.

Ranar Alhamis wata 'yar fitila a jikin na'urar ta koma ja. Na kira kamfaninku. Minti biyu ba a yi ba saƙo ya shigo, wai kokenmu ya iso. Shiru. Da na sake kira, wata mai sanyin murya ta ce, "Hajiya, ai mun amsa a kan lokaci." Gaskiyarta. Na ɗauko takardar na karanta ta tsaf, karon farko, ban sami inda suka saɓa ba.

Leda ɗari biyu da sha huɗu ke cikin firjinmu. Mun fara kwafe rukuninsu a littafi da biro, muna karɓa-karɓa wajen duba ma'aunin sanyi. Gobe mata uku za a yi wa aikin haihuwa, jininmu ake jira. Ina tsoro, Yanzu-Yanzu. Harafi ɗaya na rukunin jini in hannu ya kuskure, rai ne zai tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya gaggauta maka rahama yadda ka riƙa gaggauta mana. Maiɗakinka da 'ya'yanka huɗu da mahaifiyarka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya zama gatansu. Mu kuma Ya fitar da mu kwanakin nan ba tare da sa hannuna ya ci ran kowa ba.

Na'urar ta mutu da safiyar yau. Wannan ne kwana na farko.