Mutumin da Ya Riga Mu Ganin Tsere

A shekarar da nake ba da labari, mu uku ne a wani fulat na haya da ke unguwar Al Muraqqabat a Dubai, a saman wani shagon canjin kuɗi. Ni aikin kago nake yi: 'yan kasuwa su zo daga Kano su sayi kaya, in tattara, in auna, in tura musu ta jirgin sama ko ta kwantena. Alhaji, babbanmu, wanda da sunansa aka kama gidan, kayan gyaran mota yake saye yana aikawa gida. Na ukunmu wani mutumin Maraɗi ne da ya zo daga baya. Dogo ne, siriri, ya yi boko sosai, yana karɓar baƙi a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa na metro ta Al Rigga, inda yawancin mutanenmu ke sauka. Malam muke ce masa. Shi kuma Bakano yake ce mini.

Shi ya kawo mana tseren motocin Amurka. Kafin zuwansa, ban da ƙwallo ba abin da muke kallo. Wata Litinin bayan magariba na dawo na tarar ya haɗa wayarsa da talabijin, ga wasu motoci kamar ƙwari, tayoyinsu huɗu duk a waje, direba ɗaya tal a ciki, ba abin da ake hangowa sai hularsa. Na tsaya da niyyar in yi dariya in wuce, sai na tsinci kaina a zaune. Ya riƙa yi mana bayani a hankali. Akwai hanyar da ke bin titunan cikin gari, akwai mai lanƙwasa a bayan gari, akwai kuma mai siffar ƙwai, wadda ake ta zagayawa ta hagu kusa da katanga. Taya mai jan baki ta fi gudu amma ba ta daɗewa. Idan an yi haɗari sai a ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, kowa ya rage gudu, wanda ya yi nisa a gaba ya ga an sake tara masa jama'a a baya. Kowane tsere ana ba da maki, a ƙarshen kaka wanda ya fi tarawa shi ne zakara.

Ranar Lahadi ake yi, a lokacin da yawanci mu nan mun kusa kwanciya, ga aiki da safe. Sai muka yi yarjejeniya: za mu riƙa kallon maimaici ran Litinin bayan magariba, kuma ba wanda zai leƙa sakamako kafin nan. Kowa ya ɗauki direbansa. Ni na ɗauki mai shuɗiyar mota, wani dattijo a harkar, mai tattalin mai, wanda ba ka jin ɗuriyarsa sai ƙarshe. Malam yana bayan wani mai mota ruwan lemo, mai zafin kai. Alhaji ya zaɓi wata baƙar mota saboda kawai launinta ya yi masa, kuma har kakar ta ƙare ba ta taɓa faranta masa rai ba.

Abin da na fara lura da shi ƙarami ne. Ana cikin wani tsere na cikin gari, motoci sun nufi wata kwana a jere, ba alamar komai, sai na ga Malam ya runtse ido ya ɗan kau da kai. Bayan haka ne wata mota ta daki katanga. Na dube shi, ya ce, "Na ga ya shigo da gudu, dama ba ya iya fita."

Na bar maganar. Amma daga ranar na rage kallon talabijin, na koma kallon fuskarsa. Duk lokacin da ya tashi ɗora ruwan shayi, to ba abin da zai faru har ya dawo. Duk lokacin da ya ajiye kofinsa a ƙasa ya matso gaba, to wani abu na tafe. Sau da yawa na gwada, bai taɓa kuskurewa ba.

Sai babban tseren watan Mayu ya zo, wanda mai nasara ke kurɓar madara a gaban jama'a. Da rana na buɗe firij zan ɗauki ruwa, na ga kwalbar madara sabuwa. Malam ba ya shan madara, ko a shayi. Da yamma, zagaye na ƙarshe, ni da Alhaji muna tsaye, motar lemo da wata suna ta karɓe gaba a hannun juna, shi kuwa yana zaune yana ɓare lemo da farcensa. Da motarsa ta ci, ya tashi ya ɗauko kwalbar ya zuba mana.

Bayan ya fita sallah na ce wa Alhaji, "Wannan mutumin ya san sakamako."

"To sai me? Kuɗi muka sa?"

"Ba maganar kuɗi ba ce, Alhaji. Alkawari muka yi. Mutumin da zai zauna tare da kai yana nuna bai san abu ba alhali ya sani, a kan wasa ma, me zai yi a kan abin da ba wasa ba?"

Alhaji ya ce na cika bincike, in bar bawan Allah ya sha iska. Amma na ga shi ma yana kallon kwalbar.

Wanda bai taɓa zaman haɗaka a ƙasar waje ba zai ga kamar na ɗauki abin da zafi. A irin gidan nan, fasfonka yana cikin jakar da kowa ya san inda take. Kayan mutane suna jibge a falo kafin a kai su sito. Kana waya da abokin ciniki, kowa yana jin farashin da ka faɗa. Ba ƙofar da ke kulluwa tsakaninku, yarda ce kawai.

A tsakiyar zafi, wata Hajiya mai sayen abaya da turare, wadda ta daɗe tana ba ni kayanta, ta zo gari ba ta neme ni ba. A bakin wani na ji cewa ta ba wani ɗan Nijar mai kago da ke Bur Dubai kayanta. Na kira ta, ta ce, "Ai babu komai, ɗana, gwadawa kawai na yi." A otal ɗin su Malam take sauka. Bayanta wani mai ba ni kaya ma ya bi sahunta. Na zauna na haɗa: mutumin nan yana jin farashina a gida, yana ganin baƙina a wurin aiki.

Akwai kuma fitarsa ta ran Lahadi. Duk Lahadin da ake tsere sai ya saɓa jaka ya ce an ba shi aikin wani. Wata rana na kai wa wani baƙo saƙo otal ɗin, na tambayi abokin aikinsa, wani ɗan Indiya, ko Malam zai shigo ran Lahadi. Ya girgiza kai ya ce Lahadi ai ranar hutunsa ce, tun da ya fara aiki.

Lahadin da ta biyo baya na bi shi. An idar da magariba ke nan ya fita. Ya shiga metro, na shiga taragon baya. A Abu Hail ya sauka, ya bi ta wani lungu, ya shiga wata ƙaramar kafteriya ya zauna a kusurwa, bayansa ga bango. Daga tsallaken titi ina hango shi ta gilashi. Ya fito da wayarsa ya jingina da gwangwanin sukari. Sannan ya sa hannu a jaka ya fito da wata wayar, wadda ban taɓa gani ba duk zamanmu. Ya sa abin ji a kunne, ya fara magana. Ba ya magana da yawa. Sai ya faɗi kalma biyu, ya yi shiru mai tsawo, ya gyaɗa kai. Gumi ya jiƙa mini riga, na juya na koma gida.

Na gaya wa Alhaji komai. Wannan karon bai ce na cika bincike ba. Ya ce, "Waya biyu?"

Na ce, "Biyu."

Ya ce mu jira, kada mu yi gaggawa. Jiran ya yi tsawo. Muka ci gaba da zaman Litinin, amma hirar ta mutu. Na daina amsa waya a falo, sai in fita baranda cikin zafi. Na sayi kwaɗo na sa wa jakata. Malam ya ga kwaɗon, ya wuce.

A fagen tsere kuwa kakar ta yi daɗi. Motar lemo ta fi kowa cin tsere, amma ta fi kowa shiga katanga. Shuɗiyar tawa ba ta cika yin na ɗaya ba, sai dai kullum tana nan a sahun gaba tana tsintar maki. Da aka zo tseren ƙarshe, su biyu ne suka rage, tazarar ba ta da yawa.

Ana saura kwana kaɗan, muna cin abinci, na ce, "Wannan na ƙarshen ina so mu gan shi da gaskiya. Ran Lahadi kowa ya kwana a gida, kowa ya ba Alhaji wayarsa daga magariba har asuba."

Malam ya ajiye cokali. "Ni ba ni iyawa."

"Saboda aiki?"

Ya dube ni. Na ce, "Na je otal. Lahadi hutunka ce. Na kuma ga wayarka ta biyu a Abu Hail."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Bin sawuna ka yi, Bakano?"

"Na bi. Da wa kake magana? Da mutumin Bur Dubai?"

"Wane mutum?"

Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, gida ɗaya muke. Ba dole ne ka faɗa mana sirrinka ba. Amma zama ya yi nauyi, kai ma ka gani."

Malam ya ture faranti gefe. Sannan ya ce yana da wa a Amurka, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tirela, wanda ya daɗe a garin da ake babban tseren Mayu. A can ya koyi son abin, shi ya koya masa. A bara shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Yana zaune a gida, magana tana yi masa wuya, idan aka kira shi a waya sai ya gaji ya kashe. Amma idan ana tsere, zai iya zama har a gama, don ba sai ya ce komai ba. Shi yana kallo a can, ƙaninsa yana kallo a nan, waya a buɗe tsakaninsu. Ɗaya wayar ta kallo ce, ɗaya ta kira.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

"Tsohuwarmu ba ta sani ba. Tana da hawan jini. Gidan ga, mutum nawa ke shigowa cikin sati? Na Maraɗi nawa ke zuwa shan shayi wurin Alhaji? Kalma guda ta fita, kafin sati biyu ta kai mata. Voilà, shi ke nan."

"Ai da ka ce mana kana gani, ba sai ka faɗi dalili ba."

"Da ka bar ni?"

Alhaji ya yi wa wan nasa addu'a, na ce amin. Na tambayi Malam zancen Hajiya kai tsaye. Ya ce ta taɓa tambayarsa ko ya san mai kago a Bur Dubai, don a can take sayen yadi, ya ce bai sani ba, iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Ya faɗa yana kallon idona. Amma na sha ganin fuskar nan tana nuna ba ta san abin da ta sani ba, don haka kallon idon bai ƙara mini komai ba.

Ran Litinin ɗin ƙarshe, Alhaji ya kawo shawara: Malam ya ɗauki kujera ya zauna a bayanmu, inda ba ma ganin fuskarsa, kuma kada ya tashi ɗora shayi sai an gama. Ya yarda. Hanya mai siffar ƙwai ce. Motar lemo ta yi gaba tun farko, tana ta ƙara tazara, shuɗiya tana can tsakiya kamar ba da ita ake yi ba. Can wajen ƙarshe wani ya goga katanga, aka ɗaga tuta mai ruwan ɗorawa, na gaba suka shiga canza taya da shan mai. Dattijona bai shiga ba, ya riga ya yi tattali. Motar lemo ta dawo ta ci tseren, amma dattijona ya ƙare a matsayin da ya ishe shi, ya zama zakaran kakar. Sau biyu wuyana ya so juyawa baya, na hana shi.

Da aka gama Malam ya miƙo mini hannu ta kan kafaɗata. Ya ce wansa ma bayan shuɗiyar yake, jiya har dariya ya ji ya yi.

Kafin ƙarshen shekara ya ce ya sami ɗaki a Abu Hail, mai sauƙin haya, shi da wani abokin aikinsa. Muka taya shi sauko da kaya. Wani yaron Alhaji mai sayar da batir ya maye gurbinsa, shi kuma ƙwallo kawai ya sani, sai zaman Litinin ya watse.

Ban taɓa ganin hoton wan Malam ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Wani lokaci ina ganin labarin gaskiya ne tsaf. Wani lokaci kuma sai in ga ya dace da kowace tambaya tawa fiye da kima. Na taɓa samun wani ɗan kasuwar Maraɗi da ya san gidansu, har na buɗe baki zan tambaye shi, sai na tuna tsohuwar, na tambaye shi farashin albasa a can. Hajiya ta dawo mini da kayanta bayan tafiya biyu, ta ce mutumin Bur Dubai yana jinkiri. Ban tambaye ta wanda ya haɗa su ba, ita ma ba ta faɗa ba.