Gwaggo Rakiya da Wayifai ɗin da Ya Tsallaka Katanga

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. A safiyar Talata, 14 ga Maris, 2023, ana ta shirin shiga azumi, Allah ya karɓi ran gwaggona, Injiniya Hajiya Rakiya, ƙanwar mahaifina, a wani asibiti a Abuja bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura a Bwari bayan sallar azahar.

Gwaggo, na zauna da niyyar rubuta alhini, amma duk abin da na tuno game da ke sai in tsinci kaina ina murmushi. Ba ki bar mana hoton mai zaman jugum ba. Kullum a tsaye nake tuna ki, tabarau a goshi, sukundireba a hannu, kina cewa wani ya riƙe miki tsani.

Kin zo Abuja da aikin injiniyar sadarwa a shekarun da farar hula suka dawo mulki, ana ta kafa turakun wayar salula, gine-gine na tashi ta ko'ina. Abokan aikinki suna rububin gidaje a cikin gari, ke kuwa kika sayi fili a Bwari, a tsakiyar gonakin doya. Da kika yi ritaya ba ki huta ba, gidan ne ya koma ofishinki.

Abin da ya faru daminar bara shi ne ya fi tsaya mini a rai. Baba Yamusa, manomin da kuka haɗa katanga da shi, matarsa Rosemary ta samu shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsu Juliet, ma'aikaciyar jinya, ta ajiye aikinta a Nyanya ta dawo gida tana kula da ita. Don kada karatunta ya mutu, ta shiga wani kwas ta intanet, amma sabis ɗin waya a ɗakinsu ba ya ɗaukar bidiyo. Kika ce ta riƙa shigowa falonki, ta ce ba za ta iya barin mahaifiyarta ita kaɗai ba. Sai kika sayi na'urar ƙara zango, wadda ke karɓar wayifai daga rawuta, akwatin da ke raba intanet a gidanki, ta tura shi gaba, kika jona ta a sito kusa da katanga, kika ba ta lambar sirri.

Abu ya yi ta tafiya da ɗingishi har ranar jarrabawar baki. Juliet na tsakiyar amsa tambaya hoto ya daskare, layi ya yanke. Makarantar ta ba ta dama ɗaya tak ta sake. Da yamma ta shigo idanunta jajur, ta ce ta haƙura da kwas ɗin.

Kika ce, "Haƙurin me? Ke je ki yi karatunki. Wannan jarrabawar tawa ce."

Ranar Asabar kika kira ni. "Nazeer, bar duk abin da kake yi, ka taho da kwamfutarka. Yau akwai farauta."

Na same ki kina ta zumuɗi kamar mai shirin biki. Ni na zo da hukuncina, cewa kamfanin intanet ne ba shi da kirki. Kika ce ba a yanke hukunci sai an ji shaidu. Muka zauna gaban rawuta muka kira bidiyo, muka daɗe, ko gezau. Kika tafa hannu kika ce an wanke kamfani, mai laifi yana cikin gida.

Daga nan kika bi gidan ɗaki ɗaki da waya a hannu, kina duba ƙarfin sigina kina faɗa da ƙarfi. A bakin sito ya faɗi warwas. Kika nuna mini cewa na'urar tana zaune ne a inda wayifai ya riga ya galabaita, ga firji a gefe, ga tankin ruwa na ƙarfe a bayan bango. Abin da take karɓa ragowa ne, ragowar take tura wa Juliet. Muka matso da ita tsakiyar baranda. Sigina ya tashi, na ce an gama.

Ba ki yarda ba. Kika shiga gidan Baba Yamusa kika tambayi Juliet me ya faru daidai lokacin da layi ya yanke. Ta yi tunani ta ce fanka ta tsaya. Har yau ina ganin yadda fuskarki ta haske. Rawuta tana kan inbata mai ajiye wuta a batir, amma soket ɗin sito wutar gari kawai yake sha. Da zarar an ɗauke wuta, na'urar ta mutu, ke kuma a falo ba za ki taɓa sani ba.

A ranar muka shiga gari kika sayo na'urorin mesh, masu miƙa wa juna sigina da suna ɗaya. Kika ce iska ba abin dogaro ba ce a ranar jarrabawa, don haka muka ja kebul daga rawuta, cikin bututu, ta kan katanga har ɗakin Rosemary, muka ja wutar inbata tare da shi. Baba Yamusa na riƙe da tsani, yana kallon yadda kike hawa da zani. Ya ce da irin tasa Hausar, "Hajiya, sauko mana, kai ba yaro ba ne." Kika ce sai kin ga koriyar fitilar na'urar ta kama. Da ta kama, kika sa aka kashe wutar gari da ke shiga gidan gaba ɗaya don gwaji. Bidiyo bai ko motsa ba.

Ranar jarrabawa kina baranda da carbi. Ana tsaka da yi aka ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit. Kika miƙe tsaye, kika kasa kunne. Ta tagar maƙwabta muka ji muryar Juliet tana ci gaba da bayani. Da ta fito ta ce ta ci, kika rangaɗa guɗar da ban san kin iya ba, Rosemary na dariya daga kan gado da ɓari ɗaya na bakinta.

Daga nan suna ya fita. Ɗaliban lauya masu haya a unguwa, limami, mai kyamis, kowa layinsa ya yanke sai ya ƙwanƙwasa ƙofarki. Ba kya gyara wa mutum ki tafi, sai kin sa ya gano matsalar da kansa. Ko a gadon asibiti, kin sa an ciro na'urar wayifai ta asibitin daga bayan kabad ɗin ƙarfe, kika ce tausayinta kike ji. Ranar jana'izarki mutanen cocin Baba Yamusa ne suka kafa rumfuna suka jera kujeru tun kafin mu iso da gawa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Rakiya. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya ilimin da ta raba wa maƙwabta ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Hassan, da 'ya'yanta Tawfiq, Nabilah da Kauthar, da iyalan Baba Yamusa, waɗanda tare aka yi mana wannan rashi. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen, ya haɗa mu da ke a Aljannar Firdausi, Gwaggo. Amin.