Mun Sauke Bukkarka Kafin Wa'adi, Wendell

Daga Allah muka fito, gare Shi kowa zai koma, ko ya shirya ko bai shirya ba. Ranar Alhamis, ashirin da shida ga Fabrairu, da hantsi, Lorna Rautio ta kira ni ina gareji. Ta ce mijinta Wendell ya faɗi a bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi zai tafi tafki, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Na ajiye waya, na zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekaruna sun kai inda irin wannan kira ba ya ba ni mamaki, gajiya kawai yake ƙara mini.

Wendell, ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Da kyar na gama sakandare. Da tsohuwar janwe guda ɗaya na fara, ba wanda ya ɗaga ni, yau kuwa duk motar da ta faɗa rami a wannan yanki na Minnesota lambata ake kira. Ban saba rusuna wa kowa ba. Amma kai, direban motar makaranta da bai taɓa hawa sabuwar mota ba, a gabanka nakan rage murya, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba.

Alƙali nake kiran ka, kai kuma ka kira ni Attajiri, kowa da abin da yake nufi. Dokar kamun kifi ta jiha ita ta jawo maka sunan. Ranar ƙarshe ta Fabrairu lasisi yake ƙarewa, ranar ɗaya ga Maris kuwa, kafin mai shagon kayan fatsa ya gama buɗe ƙofa, kana tsaye kana jiran a sabunta muku naku na miji da mata. Littafin dokoki kullum ƙara kauri yake, idanunmu suna ƙara rauni, mu sauran mun gaji da bin sa. Kai sai ka sa tabarau ka karance shi tas, sannan ka zo ka dame mu da abin da ya canja. Bana lasisinka yana da sauran numfashi ka riga shi tafiya. Ko a nan ba ka yarda ka zarce wa'adi ba.

Na tuna shekarar da na kawo wani babban baƙo daga birni, mutumin da nake neman kwangila a hannunsa. Muka shiga bukkarka ta katako da ke kan ƙanƙarar tafki, murhu yana ci, ramukan da ka huda a ƙanƙara don kamun kifi suna nan a buɗe. Mutumin ya miƙa hannu zai ɗauki sandar fatsa, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, ina lasisi?" Ya yi dariya ya ce ai yini ɗaya ne. Ka ce, "To, na yini ɗaya ma ana sayarwa." Bai je ya saya ba, kai kuma ba ka ba shi sanda ba. Haka ya wuni yana zuba mana kofi. Na yi wata guda ba na maka magana. Kwangilar dai na samu, da ƙoƙarina.

Na tuna kuma wani walai da na kama, kifi mai kyau, cikinsa kamar zinare. Ka kwantar da shi a kan allon awonka, ka matse wutsiyar yadda doka ta ce, sai ga shi ya shiga tsawon da aka hana ɗauka da abin da bai kai faɗin farce ba. Na ce, "Alƙali, don Allah saki wutsiyar nan, wa ya gan mu?" Ka ce, "Attajiri, uwa ce. Ka cinye ta yau, me jikokinka za su kama?" Ka zura ta cikin rami, ta kaɗa wutsiya ta watsa mini ruwa a fuska. Ka yi dariya har kana tari.

Wanda bai san ka ba zai ɗauka taurin kai ne kawai. Amma mutumin nan da yake mayar da kifi ruwa, shi ne yake bin gidajen tsofaffin da ƙafa ta hana su taka ƙanƙara, ya kai musu rabonsu a gyare. Lokacin da matata Joyce take jinyar da ba ta tashi ba, ba ka taɓa cika ni da magana ba. Sai dai ka zo ka tsaya a ƙofar gareji ka ce, "Ɗauko rigarka." Mu je mu zauna a bukka, kowa ya sa wa raminsa ido, har hankalina ya ɗan kwanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in faɗa maka yadda aka ƙare da bukkar, don na san da za ka iya tambaya, ita za ka fara tambaya.

Ranar Litinin aka yi maka addu'a a coci, ita ce kuma ranar ƙarshe da doka ta ba kowa ya janye bukkarsa daga kan tafki. Duk sauran an kwashe su tun Asabar. Taka kaɗai ta rage can tsakiya, da sunanka a ƙofa, ba wanda ya tuna da ita sai Lorna. Mu shida muka ɗauki akwatinka zuwa ɗakin ajiya na maƙabarta, inda za ka jira ƙasar da ta daskare ta saki a haƙa kabari. Muka dawo zauren coci, mata suka kawo kofi da gasasshen dankali. Darcy Hietala, jami'ar da ke kula da tafki, wadda ka kai makaranta tun tana ƙarama, ta zo ta durƙusa kusa da Lorna. Ta ce, "Mama, kada maganar bukka ta dame ki. Makon nan ba zan bi ta wannan gefen ba."

Lorna ta ajiye kofinta. Ta ce, "'Yar nan, na gode. Amma tun kafin a haife ki sunansa yake kan ƙofar nan, ba a taɓa manna mata takardar laifi ba, ba a kuma taɓa kau da kai dominsa ba. Ba za a fara ranar da ba ya nan ba." Sai ta juyo ta dube ni.

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, babbar janweta za ta fizgo ta kafin kofi ya huce. Da muka isa bakin tafki na ga ba haka ba ne. Ɗumin da aka yi a makon ya ci ƙanƙarar bakin gaɓa, ta yi duhu, ruwa ya taso a kanta. Na san nauyin motata, na kuma san motoci nawa na tsamo daga ƙarƙashin ruwan nan. Motar da nake taƙama da ita, a kan tudu na bar ta. Merle Stangl, tsohon masinjan gidan waya, ya ce, "Attajiri, ashe yau kai ne janwen."

Da ƙafa muka shiga, da kwat ɗin jana'iza a ƙarƙashin manyan riguna, muna ɗauke da igiya da ƙarafan sara. Da kana nan, da tun ranar da ɗumi ya fara ka ɗaga bukkar ka ƙara mata katako a ƙasa. Da yake ba ka nan, ruwa ya narke ya sake daskarewa, ya riƙe ƙafafunta gam. Muka yi ta sara. Ƙaramin cikinmu ya ba sittin baya. Gwiwata ta hagu ta ƙi, kafaɗata ta ƙi, Merle ya zauna a kan bokiti yana haki yana cewa, "Yana da rai ya wahalar da mu da doka, ya mutu ma bai bar mu ba." Muka yi dariyar da ba ta da ƙarfi, muka koma sara.

La'asar ta yi kafin ta motsa. Mu shidan da muka ɗauke ka da safe muka kama igiya. Ba mu yi nisa ba na ji nauyi ya ragu, na waiwaya, sai ga Darcy ta tuɓe hular aikinta ta sa a aljihu, ta sa kafaɗa tana turawa ta baya. A bakin gaɓa ruwa ya shige mana takalma, sanyi ya hau har ƙugu. Da ƙafafun bukkar suka taɓa ƙasa na ɗaura mata sarƙa, janwe ta ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Na zaci an gama. Lorna ta ce, "Katakan da ya sa a ƙasa fa? Ba a barin komai a kan ƙanƙara." Wallahi, Wendell, na so in yi kuka, ba don baƙin ciki ba, don gajiya. Na koma ni kaɗai, na sare su ɗaya bayan ɗaya, na rungumo su. Rana ba ta faɗi ba tafki ya zama fayau, ba komai a kansa. Darcy ta mayar da hularta, ta zagaya bukkar, ta dubi ƙofa, ta ce, "Babu laifin da zan rubuta." Lorna ta shafa sunanka da tafin hannu, ta shiga mota.

Sau biyu muka ɗauke ka a rana ɗaya, abokina, na biyun ya fi nauyi. Ban sani ba ko baɗi zan iya taka ƙanƙarar nan. Lokacin sanyi yana gajarta, mu ma muna ƙarewa, waɗanda suka rage kuma ba mai matse wutsiyar kifi kamar kai. Amma sunanka ya sauka tsaf kamar yadda ka bar shi.

Ubangiji Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya auna ka da ma'aunin jinƙai ba irin naka mai tsanani ba, Ya ba ka hutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorna, da 'ya'yanku da jikokinku, da jama'ar coci, da duk yaran garin nan da suka girma a kujerun motarka. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu da muka rage, Ya sa mu ma mu tattara namu mu sauka kan lokaci. Amin.

Orrin Kvamme