Sifaniyancin Kicin

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Barking, ina wanke-wanke a kicin ɗin wani otal kusa da Regent's Park. Abokan aikina samari ne 'yan Sifaniya, bakinsu ba ya hutawa. Tun ina jin hayaniya kawai har kunnena ya fara tsinta: "vale" shi ne to, "guay" abu ya yi kyau, "curro" aiki, "tío" kuma kowa da kowa. Da na shigo sai su ɗaga murya, "¿Qué pasa, tío?" in mayar musu, a yi dariya. Ni a dole na iya yare.

Babbar 'yata tana sakandare, ba ta taɓa kawo mini aikin makaranta ba, don ta san iyakar bokona. Ran nan sai ga ta da littafi.

"Baba, I have a Spanish oral. Za ka yi helping ɗina?"

Daɗi ya kashe ni. Mako biyu muna zama bayan Magariba, na juye mata duk abin da ke kaina, har da wata kalma da samarin ke jifan juna da ita suna tafawa. Na ce mata ta aminai ce.

Bayan jarrabawar aka kira ni makaranta. Malamar dattijuwa ce 'yar Sifaniya. Ta ce yarinyar ta yi mata magana kamar ɗan tasha, kalmar nan kuwa ashar ce tsagwaronta, a gaban aji. Ashe irin wasan taubasai samarin ke yi, ni ban sani ba. Ni da nake hana yara gaida babba a tsaye, ni na koya wa 'yata zagin malama. Na ce laifina ne, aka yarda ta sake jarrabawar.

A hanyar gida cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da muka kusa sauka sai yarinyar ta dube ni.

"Baba, me ya sa ba ka ce ba ka sani ba?"

Tun daga nan in aka tambaye ni abin da ban tabbatar ba, nakan ce ban sani ba, ban kuma ga abin da ya rage ni da shi ba. Ta ci jarrabawar, yanzu har dariyar abin muke yi. Amma har ta gama makaranta ba ta sake kawo mini littafi ba, wannan kam yana yi mini ciwo har yau.